Kafin A Watse Ci-rani: Ƙarshen Mako Ɗaya Da Abokai A Augie

Daren Juma'a ne, ka kwanta ka ja bargo har ƙirji, waya a hannu, yatsa na ta kai da kawowa. Wannan ya ɗora hotonsa a wani gidan cin abinci a Abuja, wancan yana tsaye gaban dogon bene a Dubai, ga wata can ta yi bidiyo daga cikin jirgi tana gaishe da masoya. Ka duba caji saura kaɗan, data ma ta kusa ƙarewa. Sai ka yi tsaki, ka ce a ranka, "Mu dai nan Augie ba abin da ke faruwa."

Tsaya mutumina, kar ka yi saurin yanke hukunci. Ajiye wayar ka leƙa tsakar gida. Ka ji ɗan sanyin nan da ke shigowa ta ƙofa? Ka ji ƙamshin sabuwar shinkafa da aka turara da yamma? To wannan alama ce ta cewa mun shiga 'yan makonnin da suka fi kowane lokaci daɗi a shekarar mutumin fadamar Rima, kuma ba sa daɗewa. Idan ka bari suka wuce kana kallon rayuwar wasu a TikTok, sai baɗi, in Allah Ya kai mu.

Lokacin da kowa ke gida

Yi lissafi da kanka. Da damina babu mai lokacin wani. Daga shuka sai noma, daga noma sai maimai, ga fargabar ruwa, domin duk wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a faɗin Jihar Kebbi ba ya barci da kyau idan gulbi ya fara cikowa. Da rani kuwa gari ya watse. Wasu sun koma fadama noman rani, suna fama da injin ban ruwa da tsadar fetur, wanda tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zama babban ciwon kan manomi. Wasu sun hau mota sun nufi Legas, Ibadan, Abuja ko Fatakwal ci-rani. 'Yan makaranta kuma hankalinsu na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, ko Kwalejin Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya a Birnin Kebbi, ko Aliero, ko Sakkwato.

Tsakanin waɗannan biyun akwai ɗan sarari, daga tsakiyar Nuwamba zuwa cikin Disamba. Gero ya daɗe da shiga rumbu, ana yankan dawa, ana bugun shinkafar damina. Wanda ya dawo gida aikin gona bai koma kudu ba tukuna. Aljihu ya ɗan yi nauyi, ko da kuwa na tiya biyu ne da ka sayar. Sauro ya fara ja da baya, zafin rana ya yi sauƙi, hunturu bai kai ga tsananinsa ba. A wannan tsakanin ne kawai za ka iya zuwa majalisarku ka tarar da benci a cike.

Ka tuna majalisarku ta shekaru 5 da suka wuce. Ku nawa ne? Yanzu nawa suka rage? Wani ya yi aure ya zama sai an gan shi a masallaci. Wani yana acaɓa a kudu, sai dai ku gaisa ta WhatsApp. Wani kuma ya riga mu gidan gaskiya. Babu wanda ya sanar da ku cewa zaman da kuka yi da shi shi ne na ƙarshe. Shi ya sa nake so ka ɗauki ƙarshen makon nan da muhimmanci. Ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, yana buƙatar mutum ɗaya ne kawai da zai tashi ya ce, "Gobe mu haɗu." Me zai hana ya zama kai?

Asabar da safe: a fara da gayya

Na san abin da za ka ce: manomi ina ruwansa da Asabar da Lahadi? Gaskiyarka. Hutunmu na asali Juma'a ce. Amma ɗan makaranta da malamin firamare da ma'aikacin sakatariya ba su da sarari sai waɗannan kwanaki biyu, kuma in ana son a haɗu duka dole a bi lokacinsu. Don haka a ƙulla magana tun bayan sallar Juma'a, a ƙofar masallaci, ido da ido. Saƙon cikin guruf kowa zai karanta ya sa alamar babban yatsa, amma da safe mutum biyu za ka gani.

Bayan asuba kar ka koma barci. Sa rigar sanyi, shafa man kaɗe a leɓe da ƙafa, ka bi ta wurin mai ƙosai. Kunun tsamiya mai zafi a kofi, ƙosai a takarda da yaji, hazo ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen layi: wannan karin kumallo ne da babu otal ɗin da zai ba ka irinsa. Hazon nan ma baƙo ne daga nesa. Iskar arewa maso gabas ce ke ɗebo ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga ƙasar Chadi, ta ratso Nijar ta sauke mana a kan rufin ɗaki.

Daga nan sai fadama. A cikin abokanka dole akwai wanda shinkafarsa ke tare a gona, ba a gama bugu ba, ga tsuntsaye ga dabbobi, ga kuɗin 'yan ƙwadago ya yi tsada. Ku tafi ku shida ko bakwai ku kama masa. Abin da kakanninmu ke kira gayya ke nan, kuma har gobe tana aiki. A shimfiɗa tamfol, a kwantar da durom a tsakiya, kowa ya ɗauki dami ya yi ta makawa. Ƙaiƙayi zai shiga wuya, hannu zai yi ja, ɗan bokon cikinku zai fara haki tun ba a je ko'ina ba.

"Kai malam, mi ya same ka? Wanga ɗan aiki ne ya sa kake numfashi kamar injin ban ruwa?"

"Bari kawai, biro bai da nauyin dami."

Dariyar da za a yi a wurin nan ita ce rabin abin da ya kawo ku. Aikin da zai ci wa mutum ɗaya kwana biyu, kafin azahar kun gama, an shiƙe, an ɗura a buhu. Kuma ka sani, shinkafar nan da kake rainawa ita ce ta fitar da sunan jiharka. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamban 2015. Da shinkafar Kebbi aka yi haɗin gwiwa da Jihar Legas aka fitar da buhunan Lake Rice a 2016. A Argungu, nan kusa da kai, aka buɗe katafaren kamfanin casar shinkafa na WACOT a 2017. Wanda kake kallo a waya yana cin shinkafa da cokali mai yatsu a Abuja, ba mamaki daga fadamarku ta fito.

Kifi a bakin gulbi

An gama aiki, yunwa ta taso. A nan ne za a yi karo-karo. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, kuma ina roƙonka, kar a kira sunan wanda bai kawo ba. Wanda ba shi da kuɗi yau shi zai samo itace, shi zai hura wuta, kuma baɗi wataƙila shi ne zai ciyar da ku.

Wannan lokacin ruwa ya fara janyewa daga fadama, ya bar tafkuna da ƙoramu, masunta suna samu. Ku tare su tun suna fitowa daga ruwa, kafin kifin ya shiga hannun dillalai. Tarwaɗa ko karfasa, duk wanda kuɗinku ya kai. A wanke, a tsaga, a barbaɗa gishiri da yajin ƙuli-ƙuli, a yanka albasa irin ta Aliero mai sa hawaye, a ɗora a kan garwashi. A tura dankali cikin toka a gefe. Mai rake ba ya nisa a irin wannan lokaci, a sayo kara biyu a daddatsa. In akwai ƙanin wani a kusa, a aike shi ya karɓo fura da nono.

Idan a cikinku akwai ɗan gidan masunta da ɗan gidan mahauta, to kun samu fim kyauta. Tsohon wasa ne tsakaninsu. Ɗan mahauta zai ce kifi ba nama ba ne, ƙaya ce da ƙarni, amma ku lura da hannunsa, shi zai fara kai wa kan tarwaɗar. Ɗan masunta zai ce a bar shi ya ci, yau dai ya huta da jijiya.

Ka san me ya sa kifin nan ya fi daɗi? Kun ci shi da yunwar aiki, a tire ɗaya, hannu na karo da hannu. Babu mai jiran a ɗauki hoto kafin a fara. Ko da yake, in ka ga dama ka ɗauka. Ni ba na cikin masu cewa waya ce ta lalata duniya. Ɗauki hoto ɗaya ko biyu, na dukanku, har da wanda bakinsa ya yi baƙi da toka. Sannan ka mayar da ita aljihu. Hoton nan ba don mutanen Facebook za ka ɗauka ba, don watan Maris ne, ranar da ɗayanku zai kwanta a shago a Legas cikin zafi da kewar gida, ya buɗe waya ya gan ku.

Yamma da dare

Bayan la'asar zaɓi biyu ne. Ko gidan kallo, domin a wannan watan wasannin Firimiya na Asabar da ake takewa ƙarfe 3 a Ingila, ƙarfe 4 ne agogonmu. Ɗan Arsenal da ɗan Manchester United za su yi ta musu kamar da gadonsu a ciki, a tashi a rabu lafiya. Ko kuma ku fita fili ku buga taku, ƙafa ba takalmi, gola biyu na dutse. Idan kun ji labarin ana kokawa ko dambe a wani gari kusa, kamar Bayawa, Tiggi ko Bubuce, ai kaka ce lokacinsu tun fil azal. Ku je ku gani da idonku, ku ji ganga a ƙirjinku, abin da sifikar waya ba za ta taɓa ba ku ba. Amma ku kamo hanya da sauran rana.

Da dare bayan isha'i, a ƙofar gida, a tara karan dawa a hura wuta. Jin ɗumi ke nan. A ɗora 'yar butar shayi a kan gawayi, a bar shi ya dahu a hankali, na farko mai ɗaci, na biyu daidai, na uku sai zaƙi. A soya gyaɗa a cikin yashi, in an samu magarya a zuba a faranti. A nan ne hira ke sauka daga wasa zuwa gaskiya. Wanda tun safe yake ba kowa dariya, sai ka ji ya yi shiru, can ya ce gidan su yarinyar nan sun ba shi zuwa bayan sallah ya fito ko a ba wani. Wani ya ce bashin taki bai fita ba bana. Wani ya ce shi fa karatun nan ya ishe shi, yana tunanin ajiyewa.

Irin waɗannan maganganu ba a rubuta su a guruf. Sai an yini tare, an ci tare, wuta ta fara lafawa, sannan suke fitowa. Kuma sau da yawa a wurin ake samun mafita. Wannan ya ce yayansa na neman yaron shago a Birnin Kebbi. Wancan ya ce zai ara maka injinsa kwana biyu a mako idan an fara ban ruwa. Ko ba a samu mafita ba, mutum ya sauke abin da ke cin sa, ya kwana da sauƙi. Matasa da yawa da muke gani sun faɗa shaye-shaye ko sun bi mutanen banza, in ka bincika za ka tarar sun daɗe babu wanda ya zauna ya saurare su.

Ke ma 'yar'uwa, da ke nake

Kar ki ce wannan zancen maza ne. Naki lissafin ma ya fi gaggawa. Bayan kaka ake bukukuwan aure, kin sani. Ƙawarki da kuka taso tare tun Islamiyya, nan da wata ɗaya ko biyu ana iya kai ta Birnin Tudu, ko Argungu, ko ma Sakkwato, daga nan ganinta sai suna ko biki. Kafin a fara hidimar anko da rabon kati, ku ware yini ɗaya naku na kanku. Ku nemi izini a gida, ku haɗu a gidan ɗayanku. A kwaɓa lalle, a yi kitso, a dafa dambun shinkafa da zogale ko a soya masa da sabuwar shinkafa. Ku zauna da kakar gidan ku ja ta da hira, ta ba ku labarin yadda suke gaɗa a dandali da farin wata lokacin kaka. Za ki sha mamakin irin tsiyar da tsohuwar nan ta yi a zamaninta. In za ta yarda, ɗauki muryarta a waya ki adana. Wannan ya fi duk wani bidiyo da za ki tura a wannan makon daraja.

Lahadi: leƙa Argungu

In akwai ɗan canji da ya rage, ku hau mota ko babur ku shiga Argungu da safe. Abin kunya ne a ce baƙo ya taso daga Turai ya zo ya ga Gidan Tarihi na Kanta, kai da ke maƙwabtaka ba ka taɓa shiga ba. Ginin nan tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, sun zauna a ciki har zuwa 1942, aka mayar da shi gidan tarihi a 1958. Akwai makaman yaƙi, da tambura, da kayan su, kuma a nan ake binne sarakuna. Ku tambaya tun kafin ku tashi ko za ku same shi a buɗe. Garinku ma yana cikin wannan tarihi, domin Augie na daga cikin garuruwan Kabawa masu ganuwa da suka tsaya tare da Argungu a yaƙe-yaƙen ƙarni na 19.

Daga nan ku gangara Matan Fada. Yanzu shiru ne, ruwa kwance, babu dubban masu gora da koma da kake gani a bidiyo, saboda ana killace wurin ne sai lokacin biki. Amma ka tsaya ka tuna yadda abin ya samo asali. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, bayan dogon zamani na gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, aka shirya masa su don girmamawa. Wannan ziyara ce ta zama bikin da Hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Ka ga ashe bikin da ya fi kowane suna a jiharka, tushensa mutum ne ya taka ya je wurin ɗan'uwansa, aka kama kifi. Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake.

Abin da ba za mu ɓoye ba

Ba zan rufe ba tare da na faɗi abin da ke ran kowa ba. Augie ta yau ba irin ta da ba ce. A watan Nuwamban 2024, daidai irin wannan lokaci na kaka, 'yan bindigar da ake kira Lakurawa suka kore shanu a garin Mera. Mutanen gari suka bi sawu, kuma rahotanni sun ce aƙalla mutum 15 ne suka rasa rayukansu. Allah Ya jiƙansu da rahama. Su ma suna da majalisa, suna da abokan da har yau ke kallon gurbinsu a benci.

Don haka a yi nishaɗi da hankali. Kar ku yi nisa cikin daji, ku tsaya inda jama'a ke aiki. Ku faɗa wa na gida inda za ku da lokacin dawowa. Magariba ta same ku a cikin gari. Kar ka ɗora hoto kana bayyana inda kuke alhali kuna wurin, bari sai kun dawo. Idan manya ko jami'an tsaro suka ce kar a bi wata hanya, kar a bi. In za ku shiga kwalekwale, kar ku cika shi, kuma wanda bai iya ruwa ba ya tsaya a gaɓa, ba abin kunya ba ne.

Amma kar tsoro ya sa kowa ya kulle kansa a ɗaki da waya. Garin da matasansa suka san juna, suke zama tare, shi ne garin da ake saurin gane baƙuwar fuska, kuma shi ne wanda ake saurin lura idan wani yaro ya fara canza hali ko ya fara samun kuɗin da ba a san tushensu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zaman majalisa, gayya da cin kifi a tire ɗaya suna daga cikin abin da ke riƙe bangon.

To, ga shi dare ya yi, cajinka ma ya kusa mutuwa. Kafin ta ɗauke, kira mutum ɗaya. Ba saƙo ba, kira. Wanda ka san ya ce maka bayan an gama bugun shinkafa zai hau mota. Tambaye shi ko buhunansa sun shigo gida, in ba su shigo ba ka ce masa gobe bayan asuba kuna nan tafe, ya tanadi tamfol, kifi kuma a wuyanku.

Idan kun yi, ku turo mana hoton a shafinmu, bayan kun dawo gida lafiya. Mu haɗu mako mai zuwa, in sha Allahu.